Famfon da Aka Bari a Buɗe

A rumfar mai kayan roba, wata budurwa da ta zo koyon aikin jinya daga wata ƙasa tana zaɓen bokiti, wata dattijuwa kuma tana duba tabarma.

"Baƙuwa ce ke, ko?" in ji dattijuwar. "Ya zaman garinmu?"

"Da daɗi, Mama, sai dai ruwanku. A wajenmu kana murɗa famfo yake zuwa, nan kuwa sai ya ga dama. Jiya na murɗa, shiru, na bar shi a buɗe na tafi asibiti."

"Ya zo bayan fitarki?"

"Har takalmana suna iyo! Yanzu matar da ke ƙasan benenmu nake gudu, an ce masifa gare ta. Sanɗa nake yi in zan wuce ƙofarta."

"Kin taɓa ganinta?"

"Allah ya tsare!"

Dattijuwar ta naɗe tabarmar tana murmushi. "Ni kuma jiya ruwan sama aka yi mini a tsakar ɗaki, rana tsaka."

Bokitin ya suɓuce daga hannun budurwar.

"Ɗauki abinki, 'yata, ki riƙe mini tabarmar nan, hanyarmu ɗaya. Masifar kuma sai kin ci abinci tukuna."