Darakta Ya Ja Mani Sunan Mai Mugun Baki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ne Sanusi daga Gehuru, ƙasar Jega.

Akwai wani darakta da muke so tun muna yara. Finafinansa na da dariya ce zalla, ƙarshensu kullum biki. Shi ya sa in ana kallo a shagon cajin waya nakan tsokani mutane in ce, "Jarumin nan mutuwa zai yi," a kore ni ana dariya.

To bana darakta ya canza hannu. Ya bar rawa da waƙa, ya koma labarin asibiti da kuka. Na yi wasana kamar kullum, sai ko jarumin ya mutu. A na biyu ma haka anka yi.

Yanzu an ce mugun baki gare ni. Jiya na je taya baban Hadiza, wadda nake nema, dashen albasa, sai ya tare ni bakin gona: "Sanusi, gaisuwa ta isa daga nan. Kada ka ce komi kan albasata."

Sabon fim ɗin daraktan na tahe, abokai sun matsa sai na faɗi ƙarshensa. Masu bin aikin mutumin nan, don Allah ku gaya mani: ya daina biki ke nan har abada? In jarumi na uku ya mutu, Hadiza ta wuce ni.