Lambar Ofishin Tambaya

A ɗakin jira na asibitin gwamnati, wata tsohuwa ta taɓa wani direba da ke zaune kusa da ita.

"Ɗan nan, karanto min lambar ofishin tambaya a allon can."

"Iya, rabinta ya goge. Me za ki tambaya?"

"Ranar da likitan ido yake zuwa. Sau uku ina zuwa a banza."

"Ai ofishin lafiya na gunduma sun fi ɗaga waya, ina da lambarsu. Idon naki ne?"

"Nawa ras! Na maigidana ne, tsohon nan mai taurin kai. Jiya turmi ya tsaya yana gaisarwa, wai ni ce."

Direban ya yi dariya har da riƙe ciki. "To me ya hana shi zuwa?"

"Wai ba ya bukatar ido, ya haddace fuskata tun ina amarya."

"Ai kuwa ya gama magana, Iya."

"Ya gama me? Shekara shida rabon da ya ce zanina ya yi min kyau." Ta miƙa masa wayarta, tana share ido da gefen mayafi. "Sa min lambar a hankali, kada ka tsallake ko ɗaya."