Ƙofar Iya Ta Fi Ta Kowa Faɗi

A bencin jira na ofishin masu zanen gini, wata tsohuwa ta dangwara wa wani magini da ke gefenta takardar zanen gida.

"Kai ɗan nan, duba mini. Ɗana zai ƙara gini a bayan gida, wai ya sauko da ni daga bene, ya jefa ni gefen kicin kamar buhun gawayi. Yau sai mai zanen nan ya mayar mini da ɗakina!"

Maginin ya bi zanen da yatsa.

"Ikon Allah. Iya, ƙofarki ta fi ta kowa faɗi. Ba matakala ko ɗaya har falo, ga ƙarfen dafawa a banɗaki. Wa ke ciwon gwiwa a gidan?"

"Ba kowa! Lafiya lau nake hawa benena."

"Sau nawa a rana?"

"Sau ɗaya. Sai na ga ba kowa, kada a tsaya kallona ina rarrafe."

"To, wani dai ya gani."

Ta fizge takardar, ta daɗe tana kallonta.

"Ja'irin yaro, ɗan nan nawa. Nuna mini taga. In ba ta kallon inda jikokina ke wasa, rigima na nan daram."