Ban Kai Baba Bukkar Gona Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Bazaga.

Da damanar bana mahaifina, tsoho ne tukuf, ya kamu da zawo da amai. Muka kai shi likita a amalanke. Majo, wato babban malamin asibitin, ya ƙara mashi ruwa, ya ce ana ɗaukar cutar, in riƙa wanke hannu da sabulu, tufafinshi kuma da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta.

Da muka dawo gida, yayana ya ce, "Hadiza, a kai shi bukkar gona har ya warke."

Na ce, "Yaya, mutumin da ya noma hatsin da muka ci muka girma? Ba inda za shi. Mai jin tsoro ya kwashe tabarmarshi."

Ni kaɗai na yi ta wanke shi, ina ba shi ruwan gishiri da sukari. Mata a rijiya suka daina taɓa gugana. Ban roƙi kowa ba, kuma ko ciwon ciki ban yi ba.

Ina gaida Inna Rabi, maƙwabciyar da ba ta daina leƙo mu ba. Waɗanda suka guje mu kuwa, su ji a rediyo: jiya Baba da ƙafarshi ya tafi masallaci.