Hasumiyar Kala Marjan da Ƙafar Mai Gurasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Shugaban wannan zama, Haji Niyaz Gul, Allah ya ƙara maka haƙuri da mu. Limaminmu, Maulawi Fazal Rabi. Wakilin gwamna, wanda ya sha hanya tun daga Gazni. Malik Sherzaman, mai Unguwar Tudu. Arbab Gulam Sahi, mai Unguwar Gangare. Dattawa masu farin gemu. Iyayenmu mata da ke saurare daga bayan labule. 'Yan kasuwa da suka rufe shagunansu suka zo. Jama'ar Kala Marjan baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ambaci Malik kafin Arbab ne domin shi idona ya fara gani, ina roƙo kada a kafa wani kwamiti a kan wannan.

Ina godiya da kuka ga na cancanci in yanke muku hukunci. Kun ce Ustad Faizuddin ya tsufa yana koyar da tarihi, babu wanda ke zaune a nan da bai ci bulalarsa ba, to, shi zai faɗa mana wane sarki ne ya gina tsohuwar hasumiyar da ke bakin kasuwa. Na gode da wannan girma. Amma zan faɗa muku gaskiya, ban taho da farin ciki ba, na taho ne da gajiya, irin gajiyar malamin da ya maimaita darasi ɗaya har muryarsa ta dushe, ya waiwayo ya ga ɗaliban suna dambe a bayan aji.

Magana ta farko, bari in tuna wa baƙonmu yadda aka yi muka iso nan. A bazarar da ta wuce waccan, wata ƙungiya ta turo mana injiniya Baryalai, da katako da ƙarafa cike da motoci, domin a tokare hasumiyar, saboda tsagar da ke gindinta ta kai mutum ya zura hannu har kafaɗa. Abu ɗaya ya nema daga gare mu, mu faɗa masa abin da za a rubuta a kan dutsen da za a liƙa a jikinta. Malik Sherzaman ya ce a rubuta cewa Ahmad Shah Baba ne ya gina ta, kakansa ya gaya masa. Arbab Gulam Sahi ya ce hasumiyar ta girmi Ahmad Shah da kakannin kakanninsa, Sultan Mahmud ne ya kafa ta. Injiniya ya ce a rubuta sunayen duka biyu, sai aka koma rigimar wanda zai hau sama. Ya ce a jera su gefe da gefe, aka ce wa zai zauna a dama. Ya ce to a bar dutsen babu rubutu, nan ne kawai na ga Malik da Arbab sun haɗa baki, suka ce wannan cin mutunci ne ga tarihi.

Bawan Allah nan ya sha koren shayi a Tudu, ya sha a Gangare, ya ci shinkafa da naman rago a nan, ya ci a can, har wandonsa ya matse shi, bai kafa ko ƙusa ɗaya ba. Ranar da zai tafi ya biyo ta gidana ya ce, "Ustad, na yi aiki a garuruwan da aka rusa da igwa, ban taɓa ganin garin da ake rusawa da shayi ba sai naku." Ya kwashe katakonsa ya kai wani gari, inda mutanen suka ce masa ya rubuta ko sunan jakinsa ne, su dai a gyara musu gada.

Magana ta biyu, tunda tarihi kuke so, bari in ba ku tarihi, ko da yake na ba ku shi kuna yara ba ku riƙe ba. Arbab Sahib, Sultan Mahmud ɗin nan da kake bugun ƙirji da shi, Baturke ne, mahaifinsa kuma a matsayin bawa ya fara. Ya mai da Gazni amaryar birane, ya tara malamai da mawaƙa, daga baya mutanen Gor suka sauko daga duwatsu suka cinna mata wuta. Malik Sahib, Ahmad Shah da kake rantsuwa da rawaninsa, ya yi waƙa da harshen Pashto, gaskiya ne, amma fadarsa da Farisanci take rubutu, harshen da ka ce ba za ka yarda a sa a kan dutse ba. Ya zauna a Kandahar, ɗansa na cikinsa ya ɗauke gadon sarauta ya kai Kabul domin ya huta da rigimar dangi, jikokinsa kuma suka yi ta ƙwaƙule wa juna idanu. Balkh, da ake kira uwar birane, ku je ku ga abin da ya rage na ganuwarta. Herat, wadda hasumiyoyinta suka cika ido, ku je ku ƙirga nawa ne ke tsaye. Turawan Ingila sun zo sun tafi, Rashawa sun zo sun tafi, waɗanda suka biyo bayansu ma sun naɗe kayansu. Babu birni ɗaya a ƙasar nan da sarki ɗaya zai ce nasa ne shi kaɗai. Wannan ya gina, wancan ya ƙone, wani ya tattara tubalin ya sake ginawa, talakawa kuma su ne masu ɗaukar tubalin a kowane zamani, ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ni kaina a bangon ajina akwai ƙusa guda. Na rataya hoton sarki a kanta, aka ce in sauke in rataya na ɗan baffansa, aka ce in sauke in rataya na masu jar tuta, su ma ɗaya bayan ɗaya, kowane sabo yana cewa na jiya maci amana ne. Aka zo aka ce hoto ma haramun ne, aka zo aka ce a mayar. Tuta kuwa, tela Jumagul yana nan zaune, ku tambaye shi sau nawa ya canza launi. Duk wannan juyi da aka yi, hasumiyar nan tana tsaye tana kallonmu. Ta tsira daga igwa, ta tsira daga jiragen sama, ta tsira daga girgizar ƙasa, ashe abin da zai kai ta ƙasa shi ne taron dattawan Kala Marjan.

Kuna son hukunci, ga shi: ban sani ba. Na haƙa gindinta da hannuna, na hau samanta da gwiwoyin nan nawa da ba sa son matakala. Tubalin ƙasa daban, na tsakiya daban, na sama kuwa kamar jiya aka ɗora shi. Babu rubutu, babu hatimi. Wanda duk ya ce muku ya san mai ginin, kakansa ya ji daga wani kakan, shi kuma a gidan shayi ya tsinto.

Magana ta uku ita ce ta kawo ni, kuma ina roƙon masu raɗa a baya su yi shiru. Kowa a nan ya san Hudadad mai gurasa. Shi ba ɗan Tudu ba ne, ba ɗan Gangare ba ne, daga duwatsun Hazara mahaifinsa ya sauko, ya haƙa tanderu a gindin hasumiya domin nan ne kawai aka bar masa. Gurasarsa ake ci a walimar Malik, ita ake ci a walimar Arbab. Sau da yawa ya zo ƙofar zamanmu yana cewa ƙasa na zubo masa cikin ƙullu, a taimaka. Aka ce ya jira a gama magana mai muhimmanci.

Bayan ruwan da aka yi a ƙarshen kaka, da hantsi, yana durƙushe a bakin tanderu, kafaɗar hasumiyar ta ɓalle ta faɗo ta rufin. Matarsa, Bibi Gulsum, ta fita ɗebo ruwa da 'yarsu, abin da ya cece su ke nan. Da na isa na tarar da shi rabinsa a ƙarƙashin tubali, fuskarsa fari fat da gari da ƙura. Samarin Tudu da na Gangare suna tono da hannu, kuma wallahi, ina faɗa a gaban liman, suna tonon suna musu, wannan na cewa irin wannan tubali sai zamanin Sultan, wancan na cewa ƙarya ne. An zaro shi ƙafarsa ta karye a wuri biyu. A asibitin Gazni likita ya ce zai taka, amma durƙuso a bakin tanderu sai abin da Allah ya yi.

Na je duba shi. Ya riƙe hannuna, yana murmushi don kada in ga zafin da yake ji, ya ce, "Ustad, an ce kai za ka gano sarkin. In ka gano shi, ka ce masa don Allah ya aiko a kwashe tubalinsa daga ɗakina, sanyi ya kusa." Na yi dariya a gabansa, na fito waje na kasa ganin hanya saboda hawaye.

Bibi Gulsum kuwa ba ta yi wasa ba. Ta gaya mini cewa da zarar an sallame shi, gidan nan dai za su koma, ɗakin baya da bai rushe ba, domin ba su da inda ya fi shi. Sauran hasumiyar na rataye a kan wannan ɗaki. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan duwatsu, kuna ganinta daga inda kuke zaune, kuma kun san nauyinta in ta kwanta a kan gini mai tsaga. Na kai wannan magana gidan Malik, ya ce yana da itacen tokara amma ba zai fara ba sai an tabbatar da suna. Na kai gidan Arbab, ya ce yana da magina amma kada a ce ya yi wa sarkin wasu aiki.

To, jama'a, ga abin da na yi, ba shawara nake nema ba, labari nake ba ku. Jiya aka ɗauko Hudadad daga asibiti, yana gidana, a ɗakina, kusa da murhu, shi da iyalinsa. Ni da matata, uwar Zalmai, mun kwashe shimfiɗarmu mun koma ɗakin bayan tanderu. Na ce mata ta tafi wurin ɗanta a Kabul, ta ce, "Malam, na bi ka zamanin rokoki, sai yanzu zan gudu saboda tubali? Ɗauki butar shayin mu tafi." A can muka kwana, a can za mu ci gaba da kwana har a tokare hasumiyar ko ta sauko mana.

Malik Sahib, mahaifina ɗan Tudu ne, ƙanin mahaifinka. Arbab Sahib, mahaifiyata 'yar Gangare ce, a gidanku aka yi mata lalle. In ta faɗo a kaina, kun sami sabon abin zama, ku tara dattawa ku dafa shayi ku yi ta musu a kan maƙabartar da za a kai ni. Sai dai ku sani gawa ba ta da haƙurin hasumiya. In kuwa ba ku son wannan aiki, itace na gidan wannan, magina na gidan wancan, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai a gaji ba, hanyar kuma ta ƙofar sabon ɗakina ta bi. Ina nan a zaune gobe bayan sallar asuba.

Allah ya ba Hudadad lafiya, ya mai da shi bakin tanderunsa. Allah ya jiƙan sarakunan da suka yi adalci, ya gafarta wa waɗanda ba su yi ba, ya jiƙan talakawan da suka ɗauki tubali a ƙarƙashinsu duka. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya daga Herat zuwa Kabul, daga Balkh zuwa Kandahar. Allah ya mai da baƙonmu gida lafiya, ya jinkirta mana dusar ƙanƙara, ya gaggauta mana hankali.

Na gode.