Itacen Tuffa na Lemuel

Ina jiran jirgin fito a garin Nauvoo na ji wani baƙo yana yi wa wata tsohuwa mita.

"Shugaban cocinku wai ya karye. Amma ana zargin ya raba wa mutane filayensa ne, don mu masu binsa bashi mu tashi a tutar babu."

"Ɗaya daga cikin filayen ni ya ba, ɗana. Ko don Allah ya yi, ko don ɓoyo, ban sani ba. Can na binne mijina, Lemuel. Kotu za ta ƙwace?"

"Wataƙila, Iya."

"To in filin ya faɗo hannunka, kada ka sare itacen tuffar da ke ciki. A gindinsa Lemuel yake kwance."

Baƙon ya cire hularsa.

"In ya faɗo hannuna, wa zai riƙa ba itacen ruwa in ba ke ba?"