Tanko Direba da Kakata

Assalamu alaikum, Malam. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Sunana Rabi, ni 'yar lakol ce, wato 'yar makaranta, na zo hutu gida Gangara.

Kakata ba ta gani. Shekara huɗu ke nan kawuna Sale ya tafi Kurmi neman aiki, ba wasiƙa, ba labari. Tun da ta ji Tanko direba a wasanku na rediyo na ran Litinin, ta ce muryar ɗanta ce. Da kuka kashe shi a hatsarin mota, kwana biyu ko fura ba ta sha ba.

Sai ran Alhamis, a wasan Ilu tela, ga Tanko ya shigo karɓar rigarsa! Kaka ta dafa rediyon tana kuka: "Rabi, ban gaya miki ba? Yarona yana nan."

Na san wasa ne, amma na kasa faɗa mata. Ba ta sauraron shirin wasiƙu, shi ya sa na tambaya nan: Tanko ya tsira ne, ko labarin tela kafin hatsarin ya faru? Ko ma yaya ne, don Allah ku bar shi ya riƙa leƙa shagon Ilu.

Ka yarda in sake rubutowa bayan Alhamis mai zuwa?